Kwana biyar ina fama da sabon modem da rauta kafin intanet ɗin gidanmu ya zauna

Shekara shida muka yi da akwati ɗaya tak wanda kamfanin intanet ya ba mu ranar da suka ja mana layi. Lokacin da aka kawo shi wayoyi biyu ne a gidan da kwamfuta ɗaya. Da na zauna na ƙirga kwanan baya, sai na tarar na'urori goma sha huɗu ne ke rataye a wuyansa: wayoyi, kwamfutoci biyu, talabijin, firinta, kyamarar ƙofa, da na'urar wasan yara. Da yamma in kowa ya dawo gida, kiran bidiyo ba ya yiwuwa, hoto ya daskare murya ta riƙa tsinkewa. Da na nemi kamfanin su ɗaga mana gudun layin zuwa megabit 500, suka ce tsohon akwatin ba zai ɗauka ba, za su aiko da sabon modem. Ni kuma na yanke shawarar sayen rauta tawa ta kaina. Na ɗauka aikin rabin sa'a ne. Na fara ranar Juma'a da yamma, ban huta ba sai daren Talata, kuma mafi yawan wahalar da na sha abu ne da za a iya kauce masa. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda abin ya gudana daki-daki.

Kafin komai, ban ma san bambancin na'urorin biyu ba, domin tsohon akwatin ya haɗa aikinsu a ciki ɗaya. Ƙanena, wanda aikinsa ke nan, shi ya warware mini a waya. Ya ce, "Yaya, modem tafinta ne. Siginar da ke zuwa ta kebul ɗin kamfani yake juyawa zuwa abin da kwamfuta ke ganewa, kuma adireshi ɗaya kawai kamfani ke bai wa gidanka. Rauta ita ke karɓar wannan adireshi ɗaya ta raba hanya ga duk na'urorin gida, ta ba kowace nata adireshin na cikin gida, ita ce kuma ke watsa Wi-Fi." Na ji bayanin, na ce na gane. Gaskiyar magana sai da abubuwa suka riƙa lalacewa ɗaya bayan ɗaya sannan maganar ta shige ni, don duk matsalar da na ci karo da ita, tambayar farko ita ce: aikin wanne ne daga cikin biyun ya tsaya?

Kiran farko da na yi wa kamfanin kafin a aiko da kayan ya yi mini amfani ƙwarai. Na yi kusan minti ashirin a layi, sannan aka tambaye ni lambar asusu da sunan da aka yi rajista da shi. Na tambayi ko rautar da zan saya tana buƙatar wani suna da kalmar sirri daga wurinsu. Aka ce a'a, layinmu na kebul zagayayye ne irin na talabijin, sabon modem ɗin mai tsarin DOCSIS 3.1 ne, kuma adireshi kai tsaye yake bayarwa ba tare da an shigar da komai ba. Wanda layinsa na tarho ne ko na zaren gilashi, wato fiber, sau da yawa sai an ba shi suna da kalmar sirri na abin da ake kira PPPoE, wani lokaci har da wata lambar saitin layi da ake kira VLAN, kuma in bai karɓa tun da wuri ba zai zauna da rauta a gaba babu abin da zai iya yi. Bayan kwana biyar kwalin ya iso. A ciki akwai modem, da abin wutarsa, da guntun kebul zagayayye, da kebul ɗin netwok, da 'yar takardar bayani mai hotuna huɗu.

Kafin in zare tsohon akwatin na ɗauki hoton bayansa don in san inda kowane kebul ya shiga, na kuma rubuta sunan Wi-Fi ɗinmu da kalmar sirrinsa. Abin da ban rubuta ba shi ne jerin adireshin da yake rabawa da adireshin firinta. A lokacin ban ma san akwai abin rubutawa a nan ba.

Na ɗaura kebul zagayayyen a bayan sabon modem, na murɗa shi da hannu har ya kama, bayan na duba cewa 'yar allurar tagullar da ke tsakiyarsa ba ta lanƙwashe ba. Na sa wuta. Fitilu huɗu ne a gabansa: ta wuta, ta saukowar bayanai, ta hawansu, da ta ƙarshe mai nuna an shiga intanet. Ukun farko suka yi ta ƙyaftawa sannan suka tsaya cak, ta huɗun kuwa ta ƙi tsayawa. Na jira minti goma sha biyar, na cire wuta na mayar, duk a banza. Ashe modem na irin wannan layi ba ya aiki sai kamfani ya shigar da lambarsa a asusunka. Na sake kira. Wannan karon minti arba'in na yi ina sauraron kiɗan jira, yara na leƙowa suna tambaya, "Baba, ya dawo?" Da wata ma'aikaciya ta ɗauka, ta nemi lambar MAC, wato lambar shaidar na'urar, da ke jikin sitikar ƙasan modem. Na juya shi na tarar da layuka huɗu na lambobi, an buga su ƙanana ƙwarai. Na karanta mata na farkon da idona ya faɗa kai, ta ce ba ta gan shi ba. Na karanta wani, shi ma haka. Sai ta ce cikin haƙuri, "Yallaɓai, duba wanda aka rubuta CM a gabansa, haruffa da lambobi goma sha biyu ne." Ta ƙara da cewa lambar MAC daga 0 zuwa 9 take sai A zuwa F, saboda haka duk abin da ya yi kama da harafin O sifili ne. Na ɗauki hoton sitikar da wata wayar na buɗa shi, nan na ga abin da na riƙa kira 8 ashe B ne. Da ta shigar da lambar daidai, modem ya mutu ya tashi da kansa har sau biyu. Ta ja mini kunne kada in taɓa wutarsa, domin sabuwar manhajarsa yake saukewa. Bayan kamar minti goma fitila ta huɗu ta tsaya. Na ji wani sanyi a raina, na yi mata godiya, na kwanta da niyyar ƙarasawa da safe.

Ranar Asabar na tafka kuskuren da ya fi kowanne cin lokacina. Ban tsaya na gwada modem ɗin shi kaɗai ba, na buɗe kwalin rauta na jona ta. Intanet ya zo, kowa ya yi murna. Bayan minti ashirin ya ɗauke, ya dawo bayan minti uku, ya sake ɗaukewa. Tunda rautar ce abu na ƙarshe da na taɓa, ita na ɗora wa laifi. Na canja mata wuri, na juya eriyoyinta, na danna ɗan maɓallin da ke cikin rami a bayanta da tsinin allura na tsawon daƙiƙa goma har ta koma yadda ta fito daga masana'anta. Sau biyu na yi haka, kowane karo sai na sake saita komai daga farko. Zuwa la'asar raina ya ɓaci, har na fara mayar da ita cikin kwalinta don in maido wa masu ita. Na kira ƙanena ina ta zuba. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Yaya, cire rautar gaba ɗaya. Ɗauko kwamfuta ka jona ta da modem da kebul, ka kashe Wi-Fi ɗinta, ka zauna ka zuba wa fitilun ido." Na yi yadda ya ce. Ba a yi rabin sa'a ba na ga da idona fitilar ƙarshe ta fara ƙyaftawa, ta saukowa ta bi ta, intanet ya ɗauke, alhali rautar na cikin kwali. Yini guda na ɓata ina dukan wadda ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba.

Na sake kiran kamfanin. Suka duba daga can suka ce siginar da ke isa modem ɗin ta yi rauni, sai ma'aikaci ya zo, kuma babu wuri sai Litinin tsakanin ƙarfe 8 da 12. Na tambaya tun a wayar ko za a caje ni. Aka ce in matsalar daga waje take, nasu ne, in kuma cikin gida take akwai kuɗin zuwa da za a ɗora a kan bil. Gara mutum ya ji wannan tun kafin a zo. Lahadi muka yi ta da intanet ɗin wayar hannu, uwargida da ke da aikin da za ta tura ta yi ta lallaɓawa da shi.

Ma'aikacin ya iso wajen sha ɗaya da rabi. Dattijo ne mai natsuwa. Bai taɓa modem ɗin ba da farko, sai ya zare kebul ɗin ya ɗaura a wata 'yar na'urar awo da ke rataye a kafaɗarsa, ya juyo mini da fuskarta. Ya ce, "Malam, ka ga wannan? Ƙarfin siginar saukowa ke nan, yana kan -11. Inda ake so shi ne tsakanin -7 da +7." Ya bi kebul ɗin da hannu har bayan kabad ɗin falo, ya durƙusa, ya zaro wani ɗan ƙarfe mai baki huɗu wanda ni ban taɓa sanin yana nan ba. Marabin kebul ne, ɗaya ya shiga uku suka fita, an sa shi tun lokacin da ake kai layin talabijin ɗakuna. Biyu daga cikin layukan ba sa zuwa ko'ina yanzu, kuma bakin ɗayan ya yi kore saboda tsatsa. Ya ce kowane marabi yana cin sigina ko ana amfani da sauran bakunan ko ba a yi: mai fita biyu yana rage kusan desibel 3.5, irin wannan mai uku kuwa bakin da modem ɗina ke kai 7 yake ragewa. Tsohon akwatin ya yi ta jurewa da haka tsawon shekaru, ta yiwu ma rabin tsinkewar da muke sha da yamma daga nan take. Ya cire marabin, ya yanke bakin kebul ɗin ya sa sabon kai, ya haɗa kebul ɗin da ke shigowa da na modem da ɗan ƙaramin mahaɗi. Awo ya koma -4. Duka aikin bai kai minti ashirin ba. Kafin ya tafi ya nuna mini shafin cikin modem ɗin inda zan riƙa ganin waɗannan lambobi da kaina, ya ba ni takardar aikin na sa hannu. An ɗora mini kuɗin zuwan, kuma ban ji ciwonsa ba.

Bayan tafiyarsa na bar kwamfuta jone da modem har sa'a biyu, ko gezau fitilun ba su yi ba. Sai a lokacin na fito da rautar. A bayanta akwai kafofi biyar, huɗu launinsu ɗaya an rubuta musu LAN, ɗaya shuɗiya an rubuta WAN. Kebul ɗin da ya fito daga modem cikin shuɗiyar yake shiga, sauran na na'urorin gida ne. Na jona kwamfuta a ɗaya daga cikin huɗun, na buɗe burauza na rubuta 192.168.1.1 kamar yadda sitikar rautar ta nuna, shafin saitinta ya buɗe. Nan akwai abin da ke rikita mutane da yawa, ni ma ya rikita ni ranar Asabar: kalmomin sirri biyu ne, kuma ba aikinsu ɗaya ba. Akwai ta shiga shafin saitin, akwai ta Wi-Fi. Ta farkon ita ce mabuɗin rautar kanta, wanda ya same ta zai iya sauya komai. Na canja ta nan take zuwa doguwa. Wannan ba tsoro ne na banza ba. A shekarar 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye ɗimbin kyamarori da rautoci a duniya ta hanyar gwada sunaye da kalmomin sirrin da masana'antu ke sa musu tun asali, aka yi amfani da su wajen durƙusar da manyan shafukan intanet. Daga nan na nemi wurin sabunta manhajar rautar, na tarar akwai sabuwa, na danna na naɗe hannu minti biyar ban taɓa komai ba. Na kashe WPS, wato hanyar haɗa na'ura da danna maɓalli ko gajeriyar lamba, domin an daɗe da gano cewa lambar nan tana da sauƙin fasawa.

Sunan Wi-Fi da kalmar sirrinsa kuwa, na sa ainihin na tsohon akwatin. Wannan dabara ce mai rage wahala sosai, don na'urorin gida suna da suna da kalmar a ajiye, da sun gan su sai su hau da kansu ba tare da an bi su ɗaya-ɗaya ba. Sharaɗin shi ne a rubuta su daidai harafi da harafi, babban baƙi a inda babba yake, ƙarami a inda ƙarami yake. Cikin minti biyu wayoyi da talabijin suka dawo.

Sai na gwada gudu da kwamfutar da ke jone da kebul, na ga 94. Na sake, 94. Ina biyan na 500. Har na ɗauki waya zan kira kamfanin, sai na tuna darasin Asabar, na mayar da kwamfutar kan modem kai tsaye da kebul ɗin da ya zo a kwalinsa. Gudun ya haura 480. Ke nan tsakanin modem da rauta abin yake. Kebul ɗin da na sa a nan wani tsoho ne da na zaro daga durowa saboda ya fi tsawo. Na kai bakinsa kusa da fitila, na ga cikin 'yan haƙoran tagulla takwas ɗin guda ya nutse ƙasa da sauran. Siraran wayoyi takwas ne a cikin kebul ɗin netwok, an murɗe su bibbiyu. Gudun megabit 1000 yana buƙatar duka takwas ɗin, na megabit 100 kuwa huɗu sun ishe shi, saboda haka in ɗaya ta samu matsala na'urorin kan sauka zuwa 100 shiru ba tare da sun gaya maka ba. Lambar 94 ko 95 da ba ta motsi kusan kullum alamar haka ce. Na sa sabo wanda aka rubuta Cat5e a jikinsa, gudun ya daidaita. Wani abin kuma da ya kamata a sani: kamfanoni da megabit suke lissafi, kwamfuta kuwa in tana sauke fayil megabayit take nunawa, kuma bit takwas ke yin bayit ɗaya. Layin 500 ba zai nuna fiye da 62 da ɗan wani abu ba wajen saukewa, kuma lafiyarsa ƙalau.

A daren Litinin ɗin ɗana ya zo ya ce, "Baba, wasan ya ƙi haɗa ni da abokaina." Na'urar wasan tana intanet, amma ta rubuta cewa hanyarta a matse take. Da na duba jerin Wi-Fi a wayata sai na ga wani baƙon suna mai cikakken ƙarfi, daidai da wanda ke kan sitikar modem. Ashe abin da kamfanin ya kira modem shi ma haɗaɗɗen akwati ne, akwai rauta a cikinsa. Na shiga shafin rautata na duba adireshin da ta karɓa ta kafar WAN, na ga ya fara da 192.168.0. Adireshin da ya fara da 192.168, ko da 10, ko daga 172.16 zuwa 172.31, na cikin gida ne, ba ya yawo a intanet. Ma'ana rautata ba ta fuskantar waje, tana bayan wata rautar ne, kowace na juya adireshi nata. Buɗe shafuka da kallon bidiyo ba sa damuwa da wannan, amma wasanni da duk abin da ke buƙatar a iso shi daga waje suna wahala. Maganinsa shi ne a kashe rautar cikin modem ɗin ya koma gada kawai, abin da shafin saiti ke kira Bridge Mode. A nawa babu wurin a shafin, sai da na kira kamfanin da safiyar Talata suka kunna daga can. Na fara tambayarsu ko hakan zai taɓa wani abu, suka ce Wi-Fi ɗin modem ɗin zai mutu, kuma daga yanzu shafinsa a 192.168.100.1 zan same shi. Wanda ke da layin tarho ko na talabijin a jikin akwatin ya tambaya a kansu kafin a sauya.

Da aka sauya, na gwada da kwamfuta kai tsaye, ta samu intanet. Na zare kebul ɗin na mayar wa rauta, sai ta nuna adireshinta 0.0.0.0, babu komai. Gabana ya faɗi, na ɗauka na lalata abin da ya fara gyaruwa. Ƙanena ya ce in kwantar da hankali. Modem a wannan yanayi yakan riƙe lambar MAC ta na'urar farko da ya gani, ya ƙi kula wata har sai an kashe shi. Na cire wutar duka biyun, na ƙirga minti biyu a agogo, na kunna modem shi kaɗai, na jira fitilunsa huɗu suka tsaya, sannan na kunna rautar. Adireshi na waje ya bayyana, wasan yaron ya buɗe. Tun daga ranar wannan jerin nake bi: modem tukuna, a jira shi, sannan rauta. Wanda ya yi duk wannan amma ya ga adireshinsa tsakanin 100.64 da 100.127, to kamfaninsa ne ke haɗa gidaje da yawa a kan adireshi ɗaya, gyaran ba na cikin gida ba ne, su zai tuntuɓa.

Firinta ce ta biyo baya. Uwargida ta tura takarda, shiru. Fitilar Wi-Fi ɗin firintar a kunne take, ta hau netwok ɗin, amma babu kwamfutar da ke ganin ta. Na sa ta buga takardar saitinta daga maɓallan jikinta, na ga adireshinta 192.168.0.50. Sai na tuna shekarun baya wani ya kafe mata wannan adireshin da hannu don kada ya riƙa canjawa. Tsohon akwatin jerin 192.168.0 yake rabawa, sabuwar rautar kuwa 192.168.1, saboda haka firintar na cikin gidan amma da lambar wata unguwa. Da na rubuta tsohon jerin tun farko, da na saita rautar a kansa kawai, babu abin da zai motsa. Na mayar da firintar ta riƙa karɓar adireshi da kanta, na shiga rautar na keɓe mata guda ɗaya da lambar MAC ɗinta, sannan na goge ta a kwamfutocin biyu na sake ƙara ta.

Kyamarar ƙofa da wata tsohuwar kwamfutar hannu ta yara su ma ba su dawo ba. Dalilai biyu ne. Na zaɓi tsaron WPA3 zalla saboda shi ne sabo, an fitar da shi a 2018, su kuwa WPA2 kaɗai suka sani. Na mayar da saitin ya karɓi duka biyun, kwamfutar yaran ta hau. Kyamarar kuma, cikin zangunan siginar Wi-Fi biyu, na 2.4 GHz kaɗai take ji, rautar kuwa ta haɗe shi da na 5 GHz a ƙarƙashin suna ɗaya, sai saitin kyamarar ya riƙa maƙalewa. Na buɗe netwok ɗin da ake ware wa masu ziyara a kan 2.4 kaɗai na ɗora ta a can, abin da ya ƙara mini kwanciyar hankali don ba ta cuɗanya da kwamfutocinmu. Zangon 5 GHz ya fi gudu amma bango na cin sa, na 2.4 ya fi nisa amma cunkoso ya yi masa yawa, kuma tashoshinsa uku ne kawai ba sa hawa kan juna: 1 da 6 da 11.

Saura ɗakin ƙarshe, inda sigina ke isa da ƙyar duk da na fito da rautar daga bayan talabijin na ɗora ta a sama a fili. Ƙanena ya ba ni wata tsohuwar rautarsa in sa a can. Na ja kebul, wanda yake iya kai mita 100 ba tare da matsala ba, na jona ta na kunna. Ba a jima ba wayoyi suka fara wani abu mai ban mamaki: sigina cike, intanet babu, wata na yi wata ba ta yi. Dalili shi ne ita ma tsohuwar tana rabon adireshi, duk wayar da ta riga amsa mata sai ta nuna mata kanta a matsayin hanyar fita, alhali ba ta da hanyar. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Na zare ta daga netwok ɗin, na jona ta da kwamfuta ita kaɗai, na ba ta adireshin 192.168.1.2 wanda babbar ba ta rabawa, na kashe mata rabon adireshin da ake kira DHCP, na sa mata suna da kalmar sirri irin na babbar amma a wata tashar. Sannan na mayar da kebul ɗin, daga kafar LAN ta babbar zuwa kafar LAN tata, na bar WAN ɗinta babu komai. Ƙarfe goma na daren Talata kowace na'ura a gidan tana aiki.

Da zan sake, zan fara da cika takarda guda kafin in zare ko kebul ɗaya: sunan Wi-Fi da kalmarsa, jerin adireshin tsohon akwati, adireshin duk na'urar da aka kafe wa nata, lambar asusu, da hoton sitikar sabon modem. Zan tambayi kamfani tun a kiran farko ko abin da za su aiko modem ne zalla ko haɗaɗɗe, in haɗaɗɗe ne a mayar da shi gada a ranar da aka kunna shi. Ba zan fara ranar Juma'a da yamma ba, tunda in ana buƙatar ma'aikaci sai an tsallake hutun mako. Abin da ya fi duka, ba zan ƙara akwati na biyu ba sai na farko ya yi sa'a biyu yana aiki da kwamfuta a kan kebul, kuma bayan kowane sauyi guda zan gwada kafin in taɓa wani.

Tsohon akwatin na kamfani ne, haya muke biya a kansa kowane wata. Na danna masa maɓallin rami ya goge sunanmu da kalmar sirrinmu, na haɗa shi da abin wutarsa na kai ofishinsu ranar Laraba. Na tsaya sai da aka ba ni rasit mai ɗauke da lambar jikinsa. Da bil ɗin wata mai zuwa ya fito, kuɗin hayarsa na nan ba a cire ba. Na kira na karanta musu lambar rasit ɗin, aka cire, aka kuma rage mini abin da aka ɗora a bil na gaba.